Zanen Gida Na Intanet: Abin Da Mai Gini Ya Kamata Ya Sani

A 'yan shekarun nan an samu yawaitar kamfanoni masu sayar da zanen gida ta intanet. Mutum zai duba hotuna, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya biya, a aiko masa da takardu nan take. Wannan sauƙi ya ja hankalin 'yan kasuwa da dama, musamman mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, waɗanda ke son mallakar muhalli ko gina gidajen haya. Abin tambaya shi ne, shin ana iya dogara da irin wannan zane har a zuba dukiya a kansa?

Sayar da zanen gida daga nesa daɗaɗɗiyar sana'a ce. Tun a shekarar 1908 kamfanin Sears na Amurka ya fara tallar gidaje a cikin littafin hajarsa, yana aika wa mai saye zane da katakon ginin ta jirgin ƙasa. Amma shi wancan ciniki an yi shi ne a cikin ƙasa ɗaya mai salon gini iri ɗaya. A yau kuwa wanda ya yi zanen yana iya zama a wata nahiya, bai taɓa taka filin da za a yi ginin ba.

Matsala ta farko ita ce ƙasa. Ƙarfin gini yana ga harsashinsa, shi kuwa harsashi ana tsara shi ne bisa irin ƙasar da ke wurin. A yankunan Legas masu dausayi, irin su Lekki, sau da yawa sai an yi shimfiɗar kankare gaba ɗaya, ko an kafa turaku masu zurfi, kafin ƙasa ta ɗauki bene. A sassan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar ƙasa mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta tsaga bango. Zanen da aka saya daga nesa bai san da wannan ba. Saboda haka wajibi ne a yi gwajin ƙasa, sannan injiniya ya lissafa kaurin rodi da girman ginshiƙai da zurfin harsashi.

Ta biyu ita ce kayan gini da yanayi. Galibin gidajen Amurka da katako ake yin su, alhali a Nijeriya bulo mai inci 6 ko inci 9 ake ɗorawa da siminti. Nauyin bulo ya ninka na katako, kuma kaurinsa yakan rage faɗin ɗaki. Haka nan wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, don haka tsarin wayoyin lantarki ba zai yi aiki yadda yake ba. Zanen ƙasashen sanyi yakan zo da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da manyan tagogin gilashi masu tara zafi, ba tare da tanadin wurin janareta ko tankin ruwa ko sokawe ba. Bugu da ƙari, fulotin da aka fi sani a nan mai ƙafa 50 ne a faɗi da 100 a tsawo, kuma dole a bar tazara tsakanin gini da hanya da kuma maƙwabta. Da yawa daga cikin zanen waje ba sa shiga wannan awo. Ga kuma batun sutura, domin gidan da baƙo zai faɗa tsakiyar iyali da zarar ya buɗe ƙofa bai dace da magidancin da ya saba da zaure da sashen mata ba.

Ta uku ita ce doka. Dokar tsara birane mai lamba 88 ta shekarar 1992 ta wajabta neman izini kafin a fara gini. A Legas hukumar LASPPPA ce ke bayar da izinin, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Waɗannan hukumomi suna neman zane mai ɗauke da hatimin masanin zanen gine-gine da ke da rajista da majalisar ARCON, wadda aka kafa a 1969, da kuma na injiniya mai rajista da COREN, wadda aka kafa a 1970. Hatimin wata ƙasa ba ya wadatarwa. Wanda ya yi gini ba izini yana fuskantar tara, ko rufe wurin aiki, ko rushewa. Wannan tsanani yana da dalili, idan aka tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu.

Akwai kuma batun alhaki. Idan ƙwararren cikin gida ya yi sakaci, akwai majalisar da za a kai ƙararsa, har ta iya soke rajistarsa. Mai sayarwa ta intanet kuwa yakan rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa duba dacewar zanen da dokokin wuri nauyin mai saye ne. Wasu ma hoton waje da tsarin ɗakuna kawai suke bayarwa, babu zanen ƙarfin gini, babu na famfo, babu lissafin kayan aiki.

Duk da haka zanen intanet yana da nasa amfani. Yana taimaka wa mai gini ya fahimci abin da yake so, ya kuma nuna wa ƙwararru a sauƙaƙe. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da awon fili da gwajin ƙasa, a miƙa zanen ga mai rajista ya daidaita shi, a samu lissafin kuɗin aiki, sannan a nemi izinin hukuma kafin a haƙa rami. Ɗan kasuwa mai lissafi zai haɗa kuɗin waɗannan matakai da farashin zanen, ya kwatanta da abin da zai biya a zana masa sabo tun daga tushe. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma gyaran kuskure a kan takarda ya fi sauƙi bisa gyaransa bayan an zuba kankare.