Ƙasar Da Ba A Taka Ba Tukuna

Duk wanda ya sauka a tashar Gwarzo bayan sallar isha'i, ko ya ratsa ta Garo a ƙasar Kabo lokacin da masu shayi suka hura wuta, in ya kasa kunne ga majalisar samarin da ke ƙofar gidan gem ko rumfar mai cajin waya, ba mamaki ya ji ana gardama mai zafi a kan iyakokin wata ƙasa, da yawan garuruwanta, da tsawon gaɓar tekunta, har ya zaci zancen ƙirƙiro sabuwar jiha ake yi. Alhali kuwa ƙasar da ake wa wannan jayayya, wadda ake kira Leonida, babu ita a doron ƙasa, kuma cikin masu gardamar babu wanda ya taɓa shigarta ko da a fuskar talabijin.

Leonida jiha ce da kamfanin Rockstar Games ya ƙaga domin wasansa mai zuwa, GTA VI, ya siffanta ta da Fulorida ta Amurka, ya sa babban birninta Vice City, wanda shi kuma kwaikwayon Miyami ne, kuma sunansa ba baƙo ba ne ga waɗanda suka buga wasan da ya fito da wannan suna a 2002. Abin da ya bambanta irin wannan wasa da sauran, domin mai karatu wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba ya fahimta, shi ne cewa yawancin wasanni jan mutum suke yi ta hanya guda kamar akuya da igiya, amma wannan sai ya sakar masa linzami, ya ba shi gari da daji da teku, in ya so ya yi aikin da aka ɗora masa, wanda yara ke kira mishan, in bai so ba ya hau babur ya yi ta yawo har kuɗinsa ya ƙare mai shago ya karɓe hannun. A jerin wasannin GTA, wanda ya fi kowane shiga zukatan yaranmu shi ne San Andreas na 2004, mai birane uku, wanda ya sauko wayar hannu a ƙarshen 2013; kuma da yawa daga masu bugunsa ba su taɓa kai labarinsa ƙarshe ba, ba su kuma damu ba, domin yawon suka zo yi.

To, matanin da ake wa wannan dogon sharhi gajere ne ƙwarai. A watan Satumba na 2022 wani matashi ɗan Ingila ya kutsa cikin kwamfutocin kamfanin ya fitar da guntayen bidiyo kimanin 90 na aikin da ba a gama ba. A Disamban 2023 kamfanin ya saki tallar farko, mai minti ɗaya da rabi, wadda aka kalla sama da sau miliyan 90 a YouTube cikin yini guda. A Mayun 2025 ya saki ta biyu, tare da hotuna da sunayen wasu yankuna, irin su tsibiran Leonida Keys, da fadamar Grassrivers, da dutsen Kalaga. A kan wannan ɗan nassi ne masoya wasan a ko'ina cikin duniya suka zauna irin zaman almajiran ilimi, suna rubuta hashiya a kan hashiya. Waɗanda suka fi tahaƙiƙi a cikinsu sun lura cewa a bidiyoyin da aka sato akwai lambobin da ke nuna inda ɗan wasa yake tsaye, sai suka tattara su, suka auna nisan wannan bene da waccan hasumiya, suka yi ƙiyasi da taswirar Miyami ta gaskiya, har suka zana taswirar ƙasar da mai ita bai nuna wa kowa ba. Wannan ijtihadi ne da ya cancanci yabo, ko da ya zo da kuskure. Amma akwai wasu da suka gangara zuwa aikin munajjimai: suka dubi siffar wata a wani hoto da kamfanin ya wallafa, suka yi hisabi, suka yanke cewa ran kaza za a saki sabuwar talla, ranar ta zo ta wuce shiru. Mu da muka saba jiran sanarwar Sarkin Musulmi kafin mu ɗauki azumi, ba sai an faɗa mana bambancin lissafi da gani da ido ba.

Kafin ruwaya ta taso daga can, ta bi ta TikTok da WhatsApp, ta iso majalisa a Getso ko Gude, isnadinta ya yanke, ingantacciya ta cuɗe da ƙagaggiya, har ka ji yaro yana rantsuwa cewa taswirar ta ninka ta GTA V, wasan da ya gabace shi, sau kaza, alhali ba daga bakin kamfanin ya ji ba.

A nan ne nake da saɓani da samarin, domin a ganina sun riƙe reshe sun saki tushe. Faɗin ƙasa shi ne mafi sauƙin abin da maginan irin wannan duniya za su iya ƙarawa, tun da na'urar ba ta ɗauke da duniyar gaba ɗaya a lokaci guda. Abin da ke kusa da ɗan wasa kaɗai take ginawa filla-filla, na nesa ta bar shi dishi-dishi, mutane da motoci kuwa ta samar da su a inda idonsa yake, ta shafe su in ya wuce, kamar yadda duk wanda ya buga San Andreas ya sha waiwayawa ya tarar motar da ya gani yanzun nan ta yi layar zana. Mai wuya shi ne ciki. Mafi yawan gidajen da ke waɗannan birane bango ne kawai aka zana wa ƙofa, ba zaure, ba tsakar gida, ba wanda zai amsa sallama. Hanyar da ta tashi daga Kabuga ta bi ta Rimin Gado da Garo ta kai Gwarzo, kafin ta zarce Dayi a ƙasar Katsina, ba tsawonta ne ya sa matafiyi yake tuna ta ba, sai don a kowane zango akwai mai rake da za a yi ciniki da shi, da masallacin da za a tsaya, da wanda zai gane ka ya tambayi mutanen gida. Saboda haka tambayar da ta fi cancantar a ɓata dare a kanta ita ce ƙofofi nawa ne za su buɗe a Leonida, kuma ko mai shagon da ka yi wa rashin kirki jiya zai shaida fuskarka yau.

Ba zan ɓoye wa iyaye ba cewa labarin wasan, wanda ya ginu a kan wasu masoya biyu, Jason da Lucia, labarin fashi ne da gudun 'yan sanda, kuma galibin waɗanda suka gabace shi an yi musu hukuncin cewa na manya ne. Mai gidan gem da ke barin ɗan shekara goma ya zauna gabansa yana da abin da zai amsa.

Sau biyu ana ɗage ranar fitowar wasan, daga ƙarshen 2025 zuwa 26 ga Mayun 2026, sa'an nan zuwa 19 ga Nuwamban 2026, shekara 13 ke nan bayan GTA V, wanda aka sayar da shi sama da kwafi miliyan 200. Yaron da yake firamare a Kabo sa'ad da wancan ya fito, yau ta yiwu yana da iyali. Kuma a kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai aka yi alkawarinsa, babu zancen waya, wadda ita ce abin da ke aljihun mafi yawan masu gardamar. Shi ya sa in dare ya yi nisa, janareta ya fara tari, sai a bar taswira a koma wani hasashen da ya fi kusa da gida, wato wane mai shago ne tsakanin Gwarzo da Kabo zai fara shiga Kano ya sayo na'urar, kuma nawa zai ce a biya minti goma.