PS5, PS4, Xbox ko Switch: Wacce Na'urar Gem Ce Ta Dace da Gidanka a Geza?

Duk matashin da ya saba buga eFootball ko Dream League a waya, watarana sai ransa ya raya masa ya mallaki na'urar gem ta gida, ya jona ta da talabijin, ya zauna da abokai ko ƙanne a fafata. Wani kuma uba ne, yara sun dame shi da roƙo, yana so ya saya musu don su rage yawon gidan gem. Idan ka shiga YouTube neman shawara, kusan kowa PS5 zai nuna maka. Sai dai masu yin waɗannan bidiyoyin yawancinsu suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya yankewa.

Mutumin Geza, ko Matsinka, ko Kaoje, ko Illo, lissafinsa daban ne. Kuɗin na'urar nan ba kaɗan ba ne, wani sai ya sayar da buhunan shinkafa kafin ya haɗa su. Idan ka yi kuskuren zaɓi, za ka ƙare da akwati mai tsada a kan tebur wanda wutar gidanka ba ta iya ɗauka, ko wanda ba ya buɗe wasa sai da datar da ba ka da ita. Don haka kafin ka tambayi farashi, ga abubuwan da ya kamata ka auna.

Wace irin wuta gare ka?

Wannan ita ce tambaya ta farko, domin na'urorin sun sha bamban wajen cin wuta. PS5 tana jan kusan watt 200 idan ana buga babban wasa. PS4 Slim tana jan kamar rabin haka ko ƙasa. Xbox Series S ma ba ta kai watt 100 ba. PS2 siririya ba ta kai watt 50 ba. Nintendo Switch kuwa ita ce mafi sauƙi, abin da take ci bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na LED ba.

Mu buga lissafi da sola, tunda ita gidaje da dama suka koma wa. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da watt 1,200 na awa ɗaya. Idan irin na ruwa ne ko jel, rabi kawai ya kamata ka ja idan kana so ya yi ƙarko, wato 600. Talabijin ta LED mai inci 32 tana cin kamar watt 50. Ka haɗa ta da PS5, ka kai watt 250, batirin zai ba ka awa biyu da 'yan mintuna, ba fanka, ba fitila, ba cajin waya. Da PS4 Slim za ka samu kusan awa huɗu. Da Switch kuwa talabijin ce ma za ta cinye yawancin wutar. Inbata ita ma tana cin nata kason, saboda haka a aikace lokacin zai ɗan gaza wannan.

Mai ƙaramin janareta ya lura cewa ƙarfin injin zai iya ɗaukar kowacce daga cikinsu, matsalar tana wajen hawa da saukar wutar. Irin wannan wutar ce ke ƙona sashen da ke karɓar lantarki a cikin na'ura. Ka sa sitabilaiza a tsakani, idan da hali ka ƙara da UPS. PS4 musamman ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsaka da aiki, domin bayanan da ke kan ma'ajiyarta na iya lalacewa, wasan da ka yi watanni kana bugawa ya tafi. Idan ka gama, ka kashe ta gaba ɗaya daga cikin menu, ka jira fitilarta ta mutu kafin ka zare waya.

Switch tana da wata fa'ida a nan: batir gareta a jiki. Samfurin da aka gyara a 2019 yana yin awa huɗu da rabi zuwa tara a caji ɗaya, gwargwadon wasan. An ɗauke wuta, sai ka zare ta ka ci gaba a hannu.

Faifai ko saukewa?

Tambaya ta biyu ita ce intanet. Wasan ƙwallo na EA Sports FC yana cin gigabait 40 zuwa sama. Wasu wasannin Call of Duty sun haura gigabait 100. Ka tuna kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A garuruwan bakin iyaka sabis yakan yi rauni, wani lokaci ma waya ta tsallaka ta kama na Benin. Sauke gigabait 50 a irin wannan yanayi aikin kwanaki ne.

Saboda haka na'urar da ba ta cin faifai ba ta dace da mafi yawan gidajen yankinmu ba. Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai sam, kowane wasa sai an sauke, kuma ranar farko ma sai an jona ta da intanet kafin ta fara aiki. PS5 Digital Edition ma ba ta da wurin sa faifai. Su ne suka fi araha a shago, amma abin da ka rage za ka biya shi a data. PS5 Slim da ta fito a 2023 ana iya saya mata macin faifai daban, sai dai shi ma yana buƙatar intanet sau ɗaya don a haɗa su. Ka sa mai shagon ya yi maka wannan kafin ka baro gari. A Switch 2 kuma akwai wasu katunan wasa da mabuɗi ne kawai a cikinsu, wasan kansa sai an sauke. Ana rubuta hakan a jikin kwalin, ka duba.

Faifai yana da wani amfanin: ka gama da shi, ka yi musaya da aboki ko ka sayar. Wasan da ka saya ta intanet yana manne da akawun ɗinka.

Akwai kuma batun akawun. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen kantin PlayStation, shi ya sa mutane ke buɗe akawun na Amurka ko Ingila suna sayen katin kuɗi. Dole katin ya zama na ƙasar da akawun ɗin yake, katin Amurka ba ya shiga akawun na Ingila. Buga wasa da mutanen nesa ta intanet kuma yana buƙatar biyan PlayStation Plus, in ban da wasannin kyauta irin su eFootball da Fortnite.

Zafi, ƙura da talabijin

Sony ta rubuta cewa a yi amfani da PS4 da PS5 a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Kowa ya san yadda Kebbi take daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura 40. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta toshe hanyar iska. Idan ka ji fankar na'ura tana ƙugi kamar injin niƙa, alama ce ta toshe. Ka ajiye ta a sama, ba a kan kafet ko cikin rufaffen kabet ba, ka bar mata sarari ta baya, ka guji wasa da tsakar rana a bazara, ka rufe ta da ƙyalle idan ta huce.

Ka duba talabijin ɗinka ma. PS4, PS5, Xbox da Switch duk da wayar HDMI suke aiki. Tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, wadda ke da ramukan ja da fari da rawaya kawai, PS2 ko PS3 ce za ta shige ta kai tsaye. Kyawun hoton 4K da ake yabon PS5 da shi kuwa ba za ka gan shi ba sai talabijin ɗin ma ta 4K ce.

Na'urorin a taƙaice

PS2 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, an daina ƙera ta a farkon 2013. Ba ruwanta da intanet, masu gyaranta suna da yawa, ita ce mafi araha. Wasan ƙwallonta ya tsaya a PES 2014 da FIFA 14, kuma duk wadda za ka samu yanzu tsohuwa ce.

PS4 ta fito a 2013, Slim ɗinta a 2016. Tana cin faifai, wasanninta na hannu suna ko'ina, kayan gyaranta ba sa wahalar samu a Kano ko Sakkwato. EA Sports FC 26 da ya fito a Satumban 2025 ya zo a kanta. Masu son PES 2021, wanda ake buga Master League ɗinsa ba tare da intanet ba, su ma a nan za su same shi. Rauninta shi ne sababbin manyan wasanni sun fara tsallake ta, GTA VI misali PS5 da Xbox Series kawai aka sanar zai hau.

PS5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499 mai faifai, dala 399 marar faifai, kuma an ƙara farashin daga baya. Mai faifan tana buga kusan duk wasannin PS4. Idan kana da sola mai ƙarfi da talabijin mai kyau, ita ce za ta fi daɗewa tana samun sababbin wasanni.

Switch ta fito a Maris 2017, Switch 2 a Yunin 2025. Akwai Switch Lite ta 2019 mai rahusa, amma ba a jona ta da talabijin, ta hannu ce zalla. Katunan wasanta suna da tsada, masu gyaranta kuma ba su kai na PlayStation yawa ba.

Sai waɗancan ƙananan sandunan da ake cusawa a HDMI, ana tallar cewa akwai wasa dubu goma a ciki. Tsofaffin wasanni ne, da yawa maimaici. Ba laifi a saya wa ƙananan yara idan an san abin da aka saya, amma kada wani ya sayar maka da ita da sunan ƙaramar PS5.

Idan yara za ka saya wa

Kowane kwalin wasa yana da lamba a kusurwa. Na Turai suna ɗauke da 3, 7, 12, 16 ko 18, wato shekarun da suka dace. Na Amurka haruffa ne: E na kowa, T na matasa, M na manya. Mario Kart 8 Deluxe 3 ne, Minecraft 7 ne. GTA V da Mortal Kombat kuwa 18 ne, akwai kisa da zubar da jini, a GTA har da batsa. Iyaye da yawa ba su san haka ba, sun ɗauka tseren mota ne kawai. Idan ka sayi na'ura ta hannu da aka riga aka cika da wasanni, ka zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ka miƙa wa yaro.

PS4 da PS5 suna ba ka damar buɗe wa yaro akawun nasa, ka ƙayyade awannin wasa a rana da kuɗin da zai iya kashewa. Nintendo tana da manhajar iyaye ta waya da ke yin irin wannan aikin. Kada ka bar bayanan katin bankinka a kan na'urar, domin wasanni irin su FC suna sayar da 'yan wasa ta hanyar canki-canka, yaro zai iya ta dannawa bai san kuɗi ke fita ba. Ka kafa doka tun ranar farko: bayan an taso Islamiyya, an gama aikin gida, kuma a ajiye idan an kira sallah. Ka sayi hannu biyu don kada rigima ta kaure tsakanin wa da ƙani.

Wajen saye

Yawancin masu saye a nan ta hannu suke nema, 'yar Kwatano. Ko a Birnin Kebbi ka saya, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko wani ya shigo maka da ita ta Benin, ƙa'ida ɗaya ce: kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka bar ta ta yi aƙalla rabin awa tana buga babban wasa, ka saurari fanka. Ka gwada faifai ya shiga ya fito. Ka duba ramin HDMI ko ya yi sako-sako. Ka ajiye hannun ba tare da taɓawa ba, idan ɗan wasa yana tafiya da kansa, sandar ta lalace. Ka duba tambarin baya ko an taɓa kwance ta. Ka sa a goge akawun ɗin tsohon mai ita, sannan ka karɓi rasit mai lambar na'urar.

Ka karanta rubutun wuta da ke jikinta. Najeriya volt 230 take amfani da shi. Kayan Benin da Faransa sun dace da wannan, filoginsu mai zagayayyen baki biyu ne kawai ke son adafta, idan kuma menu ya zo da Faransanci ana sauya harshe a saiti. Amma tsohuwar PS2 mai kauri ko cajar Xbox 360 daga Amurka ko Japan, idan 110 ko 100 aka rubuta, tana shiga soket za ta ƙone. Idan da sefa za ka biya, ka tambayi canjin ranar da kanka.

Za a kuma yi maka tayin PS4 da aka fasa tsaronta aka zuba wasanni. Ka san cewa wasannin na sata ne, ba ta shiga wasan intanet, Sony na iya toshe ta, kuma idan yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, wasannin sun daina buɗewa.

To wacce za ka ɗauka?

Ga matashin Geza mai son ƙwallo, mai ƙaramar sola ko janareta, PS4 Slim mai lafiya da hannu biyu da sitabilaiza ta fi komai dacewa. Ga yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, ko gidan da wuta ta fi ƙaranci, Switch. Idan kuɗi kaɗan ne kuma talabijin tsohuwa ce, PS2 za ta yi. PS5 mai faifai ta wanda ya riga ya magance matsalar wuta ce. Duk wadda ka zaɓa, ka ware wani abu daga kasafinka don sitabilaiza, hannu na biyu da faifai biyu ko uku, domin ranar da ka kawo ta gida a samu abin bugawa.