Ko Kun Sani? Sankarar Mama Kira Take Amsawa

Ƙwayar sankarar da ta ɓalle daga mama ba ko'ina take yada zango ba. Tun a 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan mata 735 da cutar ta kashe, ya ga ta fi kama hanta fiye da saifa nesa ba kusa ba. Sai a 2001 masana suka gano wani ɓangare na dalilin. Huhu da hanta da ɓargo suna fitar da furotin mai suna CXCL12, ƙwayar sankarar kuwa tana ɗauke da wani furotin mai suna CXCR4 a jikinta, wanda ke jin kiran CXCL12. Da sun haɗu, sai saƙo ya ratsa cikin ƙwayar, ta miƙa gabanta, ta ja bayanta, ta rarrafa can.

Wasu masanan, bisa ra'ayin wani masani mai suna James Ewing, sun ce magudanar jini ce kawai ke kai ta. Suna da hujja, domin jinin hanji ta hanta yake bi, sankarar hanji kuma can ta fi sauka. Amma a ganina hujjar ta gaza, tunda tsoka ma na shan jini sosai, kuma da wuya sankara ta kafu a cikinta.