Kart memuwar: rumbun da bai wuce farce ba

A shekarar 1956, faifan ajiya na farko na kamfanin IBM ya kai kusan tan guda, amma mega 5 kawai yake ɗauka, watau hoto ɗaya ko biyu na salular yau. A 2005 ƙaramin kart microSD ya fito, tsawonsa milimita 15. Zuwa 2019 an samu mai ɗaukar jiga 1000.

Mu ƴan kasuwa, a cikinsa muke tara hotunan atamfa, rasit da bikin ƴaƴanmu. To amma rumbu ɗaya ne: in ya ci wuta, hatsi duka ya tafi.

Me ke lalata shi? Zare shi yana cikin aiki, ruwa, lanƙwasa, da jabun kart da ke nuna girman da ba shi da shi.

In ya ƙi buɗewa, kada mu yarda salula ko kamara ta goge shi, kada kuma mu ƙara hoto. Sau da yawa hotunan na nan, sabon hoto ne ke danne su. Mu kai shi wajen masu gyara.

Riga-kafi dai: duk ranar kasuwa, mu kwafe su wani wuri.