Damin irin da tsoho ya bari

A ƙauyukan Affala, arewa da birnin Tawa, idan mai gida ya riga mu gidan gaskiya ana yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kamar yadda aka saba a ko'ina cikin ƙasar Adar. Sai dai ta arba'in ita ce ke tara ƴaƴansa gaba ɗaya, domin galibinsu ba su gida ranar jana'iza: wani yana Abijan, wani yana Ikko, wani kuma ya yi arewa, Aljeriya ko Libiya. Kafin a haɗa kuɗin mota an daɗe da rufe tsoho. Idan suka hallara a zaure, malamai suka shafa fatiha, aka raba goro, sai hira ta koma kan mamaci. Abin lura a nan shi ne, ba kasafai ake tuna wata doguwar nasiha da ya yi ba. Ba'adare ba mai yawan magana ba ne da ɗansa, balle ɗan fari, wanda kunya kan hana shi ko kiran sunansa. Abin da ake tunawa shi ne yadda ya riƙe rufewarsa.

Rufewa ita ce babban rumbun laka da Adarawa suka yi suna wajen gina shi, mai faɗin ciki, mai ƙaramin baki a sama. A ciki ake jera dammunan hatsin gandu da zangarniyarsu, domin hatsin da ba a sussuke ba ya fi jimre wa ƙwari. Ba mai buɗe ta sai da izinin mai gida. Kafin girbi kuwa, tsoho kan zaga gona shi da yaro a bayansa, yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika, ta nuna da wuri, ita yake yankewa ya miƙa wa yaro. Ba ya faɗin dalili, yaro kuma ba ya tambaya. Waɗannan ake ɗaurewa dabam a ajiye can ƙarƙashi, su ne iri. Ana iya sayar da akuya, ana iya jinginar da riga, amma damin iri ba a kwance shi sai shuka ta zo.

Wanda bai ga yunwa ba zai ɗauka rowa ce. Dattawan da ake binnewa a ƴan shekarun nan samari ne lokacin farin 1973, magidanta ne a farin 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. A waɗannan shekaru mata sun yini a daji suna tsinkar anza, a jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya fita. Akwai gidajen da aka ci anza da dusa alhali damin iri na kwance cikin rufewa, yara na kuka, tsoho ya kau da kai. Ƴaƴan sun girma da jin haushin wannan rana, sai daga baya suka gane lissafin. Dawar taimako da aka kawo daga ƙasashen waje ta ci ce, ba ta shuka ba. Hatsin da ya saba da ƙasar rairayi da gajeriyar damana, sai wanda kakanni suka yi ta zaɓe shekara da shekaru. Da ruwa ya dawo a damanar 1985, mai iri ya shuka a ruwan farko, wanda ya cinye nasa ya shiga yawon rance.

Darasi na biyu ya shafi tafiya bida. Uba ba ya hana ɗa cin rani, shi ma ya je da ƙuruciyarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a dawo kafin shuka. Wannan kam ya yi rauni ƙwarai. Saurayi kan shekara biyu ko uku bai taka gida ba, sai dai ya aiko da kuɗi a ɗauki ƴan ƙwadago. Ba daidai ba ne a ɗora masa laifin duka. Affala ba ta da nisa da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, ruwan yankin ba shi da tabbas, kuma a yunwar 2005, bayan fara da fari sun cinye amfanin 2004, kuɗin ƴan bida ne suka riƙe gidaje da dama.

Inda abin ke da ban tsoro shi ne ranar rabon gado. Gandun da ya ciyar da gida guda a hannun mutum ɗaya sai a tsaga shi: matan mamaci su ɗauki tumuni, namiji ya sami rabon mata biyu. Kowa ya tashi da ɗan yanki wanda ba ya cika rufewa. Da kaka, bashi da biki su sa a kai hatsi kasuwar Tawa lokacin da tiya take arha, da bazara a koma a sayo shi da tsada a hannun wanda aka sayar wa. A irin wannan hali damin iri shi ne ke fara tafiya, domin babu tsohon da za a ji nauyinsa. Wasu ƴan'uwan, ganin haka, sukan bar gandu a haɗe, babban wa ya riƙe, ƴan bida su riƙa aikowa.

Ko an raba ko ba a raba ba, dole a san abin da ke cikin rufewa kafin baƙi su watse. Babban ɗa ne ke hawa tsani, ya ɗage murfi ya shiga, yana miƙo damma ƙannensa na ƙirgawa a gaban dattawan unguwa. Idan ya kai ƙarƙashi yakan tarar da ƴan dammunan da aka ɗaure dabam, da ɗaurin da kowa a gidan ya san hannun mai shi. Su ba a sa su cikin lissafin rabo, ana mayar da su inda suke har ruwan farko ya sauka.