Jarumin Silima da Jarumin Tatsuniya: Nazari Daga Ƙasar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari garuruwa ne da ke kan hanyar da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu, ta nufi Tambuwal da Jega. Dukansu suna da tarihin ilmi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna Boɗinga kafin ya koma Gwandu, Shehu Usmanu kuma ya zauna Sifawa, nan kusa, har shekarar 1815. A Shagari aka haifi Alhaji Shehu Shagari cikin 1925, wanda tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar da suka saba da ita. Yau kuwa yaran waɗannan garuruwa, kamar na ko'ina, suna kallon jarumai masu tashi sama a cikin wayar hannu. Malamai da yawa suna ɗaukar wannan baƙon abu ne wanda zai kashe tatsuniya. Alhali kuwa in an duba da kyau, jarumin silima da kayan tatsuniya aka gina shi.

Waɗannan jarumai a mujallun zane na Amurka suka fara fitowa: Superman cikin 1938, Batman cikin 1939, Thor da Spider-Man cikin 1962. Daga baya ne suka shiga manyan finafinai, kamar na Superman na 1978. Masu ƙaga su ba su ɓoye inda suka yi aro ba, gama Thor sunansa da gudumarsa duk daga tsofaffin labarun mutanen arewacin Turai suke. Tun 1928 masanin Rasha Vladimir Propp ya nuna cewa tatsuniyoyin ƙasarsu a kan matakai 31 suke tafiya, ko da sunaye sun sāke. Abin da ya gano ya dace da namu. Ana iya gwada wannan da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, wani sashensa kuwa daga abin da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ne.

Abu na farko shi ne maraici. Superman jariri ne da iyayensa suka sa a jirgi suka tura duniya, manoma suka tsince shi suka rena. Batman a gabansa aka kashe iyayensa. Haka tatsuniya take zaɓen maraya, ko Auta, ko 'yar bora, watau wanda aka raina, ta sa shi ya fi kowa. Na biyu shi ne ƙarfi da lagonsa. Harsashi ba ya huda Superman, kamar yadda aka ce wuƙa ba ta cin ɗan tauri, kuma ɓacewar da jarumai ke yi ba ta da bambanci da abin da ake faɗa game da layar zana da baduhu. Amma kowane asiri yana da makarinsa: wani koren dutse na garinsu yana karya Superman, kamar yadda Dodo yake halaka ranar da aka gano inda lagonsa yake. In babu lago babu labari, domin mai sauraro ba zai ji tsoro ba. Na uku shi ne ceton gari. Baƙo ya zo ya tarar da mutane cikin ƙunci, ya kashe abin da ya gallabe su; wannan shi ne labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, shi ne kuma ƙashin bayan yawancin finafinan nan.

Irin wannan aro ba sabon abu ba ne a adabin Hausa. Iliya Ɗan Maiƙarfi, na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito cikin 1951, daga labarin wani jarumin Rasha aka ɗauko shi, mai suna Ilya Muromets, wanda ya daɗe gurgu kafin ya sami ƙarfi. Masu karatu sun karɓe shi ba tare da sun ji baƙunci ba, domin sun riga sun san irinsa.

Duk da haka akwai bambanci wanda ya kamata a lura da shi. Jarumin silima yakan rufe fuska ya ɓoye sunansa, al'adar da ya gada daga Zorro na 1919. Jarumin Hausa kuwa sai ya fito fili ya yi kirari, makaɗi ya ambaci sunansa da asalinsa, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. Jaruntakar da ba a shaida ba, a nan ba ta cika ba. Har wa yau kada kamar suna ta ruɗi mai nazari: Spider-Man da Gizo jikin gizo-gizo kaɗai ya haɗa su. Gizo mayaudari ne mai haɗama, wanda takwaransa na gaskiya shi ne Loki, abokin gabar Thor.

To, abin da ya rage ga malaman kwalejojin horon malamai shi ne su bi dabarar da malamin Shagari ya bi, su fara daga abin da yaro ya sani. Ɗalibin da ya iya ba da labarin fim daga farko har ƙarshe, a sa shi ya tsamo marayan da lagon da Dodon da ke ciki, sa'an nan a tura shi wurin tsofaffin unguwarsu ya rubuto tatsuniyar da ta yi daidai da shi, da karin harshen Sakkwatanci kamar yadda aka faɗa masa. Wannan aiki yana da gaggawa, gama fim yana nan a ajiye ko yaushe aka so, amma tatsuniyar da ba a rubuta ba tana tafiya ne tare da mai ita.