Frances Marion: Alƙalamin Da Ya Raini Taurari

Da wuya ka ga mai kallon fim ya tsaya karanta sunan wanda ya rubuta labarin. Ni ma haka nake; da zarar an ɗaura auren jarumi da jaruma sai in miƙe, in bar jerin sunaye yana wucewa. Abin da ya sa na fara jin kunyar wannan ɗabi'a shi ne tarihin wata Ba'amurkiya, Frances Marion, wadda aka haifa a San Francisco a 1888.

A 1914 ta shiga harkar fim a Los Angeles, ƙarƙashin darakta Lois Weber, wadda ita ma mace ce. A lokacin fim bai fara magana ba; hoto ne ke motsi, sai 'yan kalmomi da ake nunawa tsakanin fage da fage. Kada mai karatu ya zaci hakan ya rage wa marubuci aiki. Dole ne ya tsara labarin yadda ido kaɗai zai gane baƙin ciki da kishi da nadama. Sana'ar kuwa ba ta yi daraja ba tukuna, shi ya sa ba a tsare ƙofarta ba, mata da yawa suka shiga. Marion ce ta rubuta wa ƙawarta Mary Pickford finafinan 1917 da suka ƙara ɗaukaka ta, irin su The Poor Little Rich Girl.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ta yi wa Marie Dressler. Tsohuwar 'yar wasa ce da tauraruwarta ta dushe, ta doshi shekara sittin, ba aiki ba kuɗi. Marion ba ta manta da alherin da matar ta yi mata tun tana ƙaramar 'yar jarida ba. Sai ta rubuta labari musamman dominta a 1927, ta kuma tsaya mata a kamfanin MGM har aka ba ta gurbi a Anna Christie, fim na farko da aka ji muryar Greta Garbo. Daga nan ta rubuta Min and Bill, wanda ya jawo wa Dressler lambar Oscar a 1931. Tsohuwar da aka yasar ta zama wadda ta fi kowa jan 'yan kallo a Amurka.

Ita kanta Marion ta karɓi Oscar a 1930 saboda The Big House, bayan ta shiga kurkukun San Quentin ta gane wa idonta zaman fursunoni. Ita ce mace ta farko da ta sami lambar a fannin rubutu, ta kuma sake samu da The Champ.

To, me ya faru? Kuɗi suka shigo, kamfanoni suka girma, iko ya koma hannun furodusa. Labari guda sai ya bi hannun marubuta da dama, kowa ya yanka ya ɗinka. Duk marubucin da ya taɓa sayar da labarinsa a Kano, ya gan shi a fim har ya kasa gane shi, ya san wannan ciwo. Marion na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubutan fim a 1933 don kare haƙƙinsu, amma a 1946 ta bar Hollywood, ta koma rubutun littattafai da sassaƙa.

Ta rasu a 1973, shekara guda bayan fitowar littafin tarihin rayuwarta. Sai a 1997 Cari Beauchamp ta tono labarinta a littafin Without Lying Down. Wani bincike na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun salwanta, kuma cikinsu har da da yawa daga waɗanda ta rubuta.